Ɗan Famfon da Kawu Ya Zaɓa wa Ɗakin Inna

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawu ya koma ranar wata Laraba ana tsakiyar bazara, kuma ban samu jana'izarsa ba. Kafin mashin ya fitar da ni daga ramukan hanyar Kebbe an riga an dawo daga maƙabarta, mutane na zaune kan tabarmi a ƙofar gidansa, kowa da jar ƙasa a ƙafa. Na durƙusa na yi wa liman gaisuwa, shi ma ya yi mini, don ni ma cikin masu karɓar gaisuwar nake. Mamacin ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na zauna ina kallon masu zuwa. Ba manyan riguna ba ne. Manoman fadama ne daga Fakku da ƙauyukan bayanta, masu kaushin hannu, wasu daga gona suka wuto. Wani dattijo da ban sani ba ya yi addu'a ya shafa, sannan ya tsura ido ga rumfar Kawu, inda matattun injunan ban ruwa ke jibge, ya ce, "To, yanzu wa za shi saurara muna inji?"

Wanda ya fi kowa kuka shi ne mai shagon famfuna na bakin kasuwa, abin da ya ba ni mamaki, don na san ba sa ga-maciji. Yana share ido da hannun riga yana cewa, "Mutumin ga ya hana ni ciniki ya fi a ƙirga. In fiddo babban inji, mai saye ya aza hannu ga aljihu, sai shi biyo ta nan shi ce, 'Gonakka ina girmanta?' Shi ke nan, ciniki ya mutu. Amma wallahi ban taɓa ganin wanda yab bi maganatai yad dawo da kuka ba."

Sai kuma tambayar da na zo ina tsoro tun daga hanya. Kusan duk wanda ya gane ni sai ya rage murya ya ce, "Yayatai fa? An gaya mata?" In ce a'a. Inna tana gidana a Tambuwal, shekara uku ke nan ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tashi sai an tayar, magana ma da rabin baki take yin ta. Manyan dangi sun taru a zauren Kawu sun yanke cewa kada a faɗa mata sai zafi ya karye, don ita ta goya shi, ita ta yaye shi bayan rasuwar uwarsu, har gemunsa ya yi fari Auta take kiransa. Suka ce jikinta ba zai ɗauki zafin bazara da zafin wannan labari tare ba. Na yarda da sauri, saurin da ni kaina na ji kunyarsa, don ina da wani dalili nawa na ƙin a ambaci Kawu a ɗakin nan. Saboda wannan dalilin nake rubutun nan, don kada a yabe shi a bar gaskiyar abin da na yi masa.

Kawu bai yi boko ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tun yana saurayi ya bi masu haƙar rijiyar burtsatse, ya yi yawo da su har ya gaji, ya dawo Kebbe ya kafa rumfa yana gyaran injin ban ruwa. Gajere ne, mai saurin fushi, mai saurin sauka. In aka kawo masa inji ba ya kwance shi nan take. Sai ya sa a tayar, ya ɗora bakin sukudireba a jikinsa, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya rufe ido kamar mai jin sirri. Can sai ya ce, "Iska shika sha," ko kuwa, "Kun ba shi aikin da ba nashi ba." Duk inda za shi akwai tsohon bokitin fenti ɗaure a bayan mashin ɗinsa, da agogon hannu marar maɗauri a aljihu. Da su yake auna ruwan da famfo ke bayarwa, don bai yarda da rubutun jikin kwali ba. Yakan ce wanda ya rubuta bai taɓa ganin gonarka ba.

Ni Malam yake kirana, da wata irin murya da ke sa in ji kamar ban ci sunan ba. Lissafi nake koyarwa a sakandare, shi kuwa ba abin da yake jin daɗi kamar ya yi mini tambaya gaban mutane in yi shiru. Na sha jin haushinsa. Amma ranar da aka sallamo Inna daga asibiti shi ya ɗauke ta a hannunsa daga mota zuwa ɗaki, ya hana kowa taɓawa, yana tafe yana ce mata, "Yau na rama goyo, Yaya." Daga nan kuma bai taɓa fashin ranar kasuwar Tambuwal ba. Zai zo da hantsi, ya zauna a bakin gadonta ya yanke mata farce, ya kwashe labarin Kebbe kaf ya zuba mata, wanda ya haihu da wanda saniyarsa ta ɓata, ya ci tuwo, ya koma kafin la'asar ta yi sanyi.

Bazarar farko ta kusa kashe ta. Wanda ke kwance ba ya juya kansa, zafi ba ƙaramin abokin gaba ba ne gare shi. Ɗakin kwano ne, wutar gari kuwa sai ta ga dama. Mun sa fankar sola, amma da azahar iskar da take bugowa kamar daga bakin tanda. Bayan Inna ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe suka zama gyambo. Matata na jiƙa zane tana shimfiɗa mata, kafin ta juya ya bushe. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa wanke ciwon ta gaya mini a tsakar gida cewa in gumi bai daina jiƙa wurin ba, ba zai warke ba, kuma irin wannan gyambon shi ke tafiya da masu shanyewar jiki.

Kawu ya ji wannan magana. Ya zagaya bayan ɗakin, inda tsohuwar rijiyar gidanmu take, wadda muka daina sha tun da aka kawo burtsatse unguwar. Ya zura guga ya jawo, ya tsoma hannu, ya daɗe a tsaye. Mako na gaba sai ga shi da kaya niƙi-niƙi a mashin: lagireton tsohuwar mota da ya wanke tas, da naɗin siririn bututun jan ƙarfe, da tiyo. Ya nutsa naɗin bututun cikin ruwan rijiya, ya jawo tiyo biyu ta hudar da ya fasa a bango, ya haɗa su da lagireton, ya kafa lagireton a gaban fanka. Ya cika hanyar da ruwa ya toshe. Dabarar ita ce ruwan cikin tiyo ya sauka rijiya ya sha sanyi, ya hau ya ratsa lagireto, fanka ta buso iska ta cikinsa, ya sake sauka. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye, ba a ɗebo na rijiya ba a zubar. Abin da ya rage shi ne famfon da zai riƙa tura shi.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, mutum ya yi mako biyu yana zaɓen abin da bai kai dunƙulen hannu ba. Ya auna tsawon tiyo gaba-gaba da hannuwansa, ya ƙirga lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ya duba faɗin bakin bututu, ya tambaye ni abin da farantin sola ke bayarwa da abin da fanka ke ci. Ya aro famfuna uku ya gwada. Kowanne sai ya cire tiyon dawowa ya sa a bokitinsa, ya riƙe agogo. Wanda ya zaɓa baƙi ne, ɗan mitsitsi, yana cika bokitin a minti biyu, ƙararsa ba ta fi ta sauro ba. Na kasa haƙuri na ce, "Kawu, rijiyar ga gaba tara ta. Wanga ɗan abu na za shi ɗago ruwa daga can?"

Ya dube ni da wannan kallon nasa. "Malam, kai da kaka koya ma ɗiyan mutane lissafi. Ɗaura guga biyu ga igiya guda, ka rataya bisa iccen bakin rijiya, duk biyun cike. Guda na sauka, guda na hawa. Ƙarfin mi kaka buƙata?"

Na ce kaɗan.

"To, wanda ka sauka shi ka jawo wanda ka hawa. Abin da kaka faɗa da shi riƙon da icce ka yi ma igiya kaɗai na. Nan ma haka. Ba ɗaga ruwa shika yi ba, kora shi shika yi. Tsawon tiyo da lanƙwasa su ka riƙe shi, su nika aunawa, ba zurfin rijiya ba."

Ya kama hannuna ya ɗora a tiyon da ke shiga ɗaki, sannan a wanda ke fita. Na farko da sanyi, na biyu ya ɗan fi shi ɗumi. Ya ce haka ake so. In na fita ya yi zafi sosai, famfo ya yi rauni, ruwa na jan ƙafa. In duk biyun ɗaya suke, famfo ya yi yawa, wuta kawai yake ci. Na gyaɗa kai. Allah Ya sani, na gane a ranar, ba zan fake da jahilci ba.

Ba sanyin ofis ba ne, kada in yi ƙarya. Amma wanda ya shigo daga tsakar gida da azahar sai ya sauke ajiyar zuciya. Gumi ya tsaya, gyambon ya kama bushewa, kafin damina ya rufe. Bazara biyu Inna ta yi a haka, tana barcin rana, tana cin abincinta.

Bana, da zafi ya fara, surukina ya zo duba ta. Mahaifin matata ne, babban manomi ne a Sanyinna, mai hatsi da fadama, mutumin kirki wanda hannunsa ba ya rufuwa. Ya ji sanyin ɗakin ya yi mamaki, ya ce a nuna masa. Da ya ga ɗan famfon sai fuskarsa ta canza, tausayi ya kama shi. Shi duk famfon da ya sani mai ɗago ruwa ne daga ƙasa zuwa gona, kuma a fadama wanda injinsa ya fi girma shi ya fi ruwa. A ganinsa talauci ne ya sa muka rataya ran tsohuwa a jikin abin wasan yara. Ya yi sallama ya tafi, don ba ya son ya kunyata ni. Bayan kwana uku sai ga kwali an kawo a mota, famfo sabo fil, shuɗi, mai ƙarfin doki guda, sai mutum ya sa hannu biyu yake ɗaga shi. Saƙon da ya biyo shi gajere ne: a sa wa tsohuwa, zai zo ya gani.

Duk wanda ya yi aure a ƙasar nan ya san inda na tsaya. Mutumin da ko sunansa ba na faɗa, wanda nake cire takalmi tun daga nesa in na hango shi, ya yi wa uwata kyauta, in aika masa cewa ba ta da amfani? In ya zo ya tarar da ita a kwali fa? Matata ta ce in kira Kawu tukuna. Na ce mata Kawu ba ya da suruki a Sanyinna. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Na gaji da zama ɗalibi a gidana, kuma shuɗin famfon ya yi mini kyau. Na kira mai gyaran wuta na unguwarmu, ya ce wannan ba ya aiki da batir kai tsaye sai an haɗa da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gari, aka haɗa. Ya fizge ɗan baƙin ya jefa a ɗakin ajiya.

Ranar kasuwa Kawu ya zo. Tun daga zaure ya ji ƙarar, don famfon na kuka kamar injin niƙa. Bai shiga wurin Inna ba, ya zarce bayan ɗaki, na bi shi. Ya taɓa tiyon shiga, ya taɓa na fita, ya taɓa jikin famfon ya janye hannu da sauri.

"Wa yas sa wanga?"

Na gaya masa.

"Malam, taɓa nan. Zafin jikinai cikin ruwa shika zuwa. Dafa mata ruwa kaka yi. Kuma kafin azahar ya shanye batir, fanka ma ta tsaya. Tiyon ga ba a yi shi don wanga ƙarfi ba, za shi fashe. Cire shi yanzu, in maida wancan."

Na ce kyautar surukina ce, yana nan zuwa gani.

"Kai mashi gona, can na wurinai. In kunya kaka ji, ni in tafi Sanyinna in yi mashi bayani, tsarana na."

Da ya tsaya nan, wataƙila da na sauko. Amma Kawu ba ya iya tsayawa. Ya ce ashe bokon nawa na banza ne, an nuna mini da hannu na kasa riƙewa. Matata na bakin murhu tana ji, maƙwabciya ma na nan. Kaina ya yi zafi. Na ce, "Kawu, nan gidana na, kuma uwata ta. Ni ka kwana da ita ni ka tashi da ita. Ba kullum sai abin da kac ce ba."

Kawu ya dube ni. Sannan a hankali ya ce, "Kafin ta zama uwakka, yayata ta." Ya shiga ɗakin ajiya ya lalubo ɗan famfonsa a bayan buhunan gero, ya goge shi da bakin riga, ya sa a bokiti. Ya shiga wurin Inna ya yanke mata farce kamar kullum, na ji suna dariya. Da matata ta kawo tuwo ya ce ya ƙoshi. Ban taɓa ganin ya bar gidan nan bai ci ba sai ranar. Shi ne ganina da shi na ƙarshe.

Duk abin da ya faɗa ya faru, har da tsarin da ya faɗe shi. Da hantsi famfon zai yi ta ruri, iskar da ke fitowa ba sanyi ba zafi. Kafin a kira azahar inbata ta yi ƙara ta mutu, fanka ta tsaya, a daidai lokacin da kwano ke narkewa. A mako na biyu tiyo ya kuɓuce daga bakin lagireto, ruwa ya wanke katifar Inna tana kwance ba ta iya matsawa. Na ɗaure da waya na kashe famfon gaba ɗaya, aka koma fanka da jiƙaƙƙen zane. Ranar da surukina ya zo, ina jin tsayuwar motarsa na ruga baya na kunna. Ya ji rurin ya yi murmushi, ya ce yanzu ne aka yi aiki. Na yi godiya har ƙasa. Yana fita na kashe. Ban taɓa raina kaina kamar ranar ba.

Gyambon ya dawo, a wurin da yake da. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe ta gani ta dube ni. Kullum da safe sai in ɗauko waya in nemo lambar Kawu in tsaya ina kallo. In ce bari sai gobe, bari in sami abin da zan faɗa wanda ba zai sa ya ce ai ya gaya mini ba. Ranar kasuwa ta zo ta wuce sau uku. Duk ranar Inna sai ta sa a juya ta ta fuskanci ƙofa, da la'asar ta ce, "Auta bai zo ba?" In ce aiki ya yi masa yawa. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi mako uku ina kallon bayan uwata na ruɓewa. Sai wayar ta zo daga can, ba daga gare ni ba. Aka ce Kawu ya yi zazzaɓin kwana biyu, ya fita duba wani inji a fadama, ya faɗi a bakin rami.

A rana ta uku da rasuwar na shiga cikin gida in yi wa matar Kawu sallama. Tana zaune a kan tabarmar takaba, ta sa aka miƙo mata wani kwanon sha daga ƙarƙashin gado ta tura gabana. Ɗan famfon ne a warwatse, ƙusoshinsa a gefe. Ta ce wanda ya cire shi ya tsaga masa ciki, Kawu ya yi kwanaki yana liƙi yana ƙi. Na ce mata na ɗauka fushi ya hana shi zuwa.

"Fushinai bai kai Kebbe ba, bisa hanya yab bar shi," in ji ta. "Wayakka shika jira. Na ce mashi shi tafi mana, yayatai ta. Yac ce in yat tafi ba ka kira ba, cirewa za shi yi, in yac cire ya tozarta ka gaban surukinka da matakka. Yac ce Malam na da hankali, za shi kira. Ko sallah za shi, wayar na aljihunai."

Na so in yi kuka a wurin, kunya ta hana ni. Na ɗauki kwanon na fito, na roƙi babban ɗansa bokitin da agogon, ya ba ni.

Na dawo Tambuwal da baƙin ciki biyu, ga mutuwar da aka hana ni faɗa, ga ɗaki kamar tanda. Surukina ya zo yi mini gaisuwa a zaure. Wannan karon ban ruga na kunna komai ba. Na durƙusa, idona a ƙasa, na gaya masa duka, har da kunnawar da na yi don ya ji. Sannan ya ce, "Subhanallahi. Ni na aza ɗago ruwa shika yi. Don mi ba ka faɗa mani ba? Da na kai shi gona tun ranar. Tsohuwa niy yi ma kyauta, ba kaina ba." Ko ɓacin rai babu a muryarsa. Abin da na sayar da Kawu saboda shi ke nan, magana ɗaya ta warware shi.

Washegari na ɗauki igiya na auna tiyon gaba-gaba, na ƙirga lanƙwasa, na rubuta a bayan takardar jarrabawa. Na tafi shagon masu kayan sola. Mai shagon na jin an ce rijiya ya nuno mini wani ƙato, yana karanto mini tsayin da yake kai ruwa. Na ji bakina na faɗa masa abin da Kawu ya taɓa gaya mini, cewa lamba biyu ce a kwali, ta tsayi da ta yawan ruwa, kuma famfo ba ya ba da su tare, a ƙarshen tsayin nan ko ɗigo ba ya fitowa. Na ce ina son mai aiki da batir kai tsaye, wanda cinsa bai kai na fanka ba, wanda zai yini yana aiki bai yi zafi ba. Ya dube ni ya ce ko ni makanike ne. Na ce a'a. Ya yarda na tafi da ƙanana biyu in gwada.

Na farko ya yi minti biyar bai cika bokiti ba, na ajiye shi. Na biyu ya cika a minti biyu da 'yan daƙiƙu. Na sauya tiyon da ya buɗe, na cika hanya da ruwa, na yi ta fama da iskar da ta maƙale a ciki har rigata ta jiƙe. Aikin da Kawu zai yi kafin shayi ya huce ya cinye mini safiya. Ana kiran azahar na durƙusa a gaban lagireto a ɗakin Inna ina ɗaure haɗin ƙarshe. Na fita na kunna, na taɓa tiyon shiga, na taɓa na fita. Ɗaya da sanyi, ɗaya ya ɗan fi shi ɗumi.

Da na dawo ɗakin iskar ta riga ta canza. Inna na kwance a gefenta mai lafiya, idonta a kan hannuwana da suka yi baƙi. Ashe tun ɗazu kallona take. Na ce mata, da murya irin ta mai albishir, an gyara.

"Wa yag gyara?"

"Ni na, Inna."

Ta rufe ido. Fanka na juyawa, gefen ɗankwalinta na motsi. Na ɗauka barci ne ya ɗauke ta, har na yunƙura zan tashi.

"Yaushe?" in ji ta.

Na ce yanzun nan na gama.

"Ba shi nika tambaya ba. Auta. Yaushe?"

Ashe baƙin hannuna ya gaya mata: da yana raye, ba ni zan yi gyaran nan ba. Na tuna manyan dangi da abin da suka yanke. Na buɗe baki in ce aiki ya yi masa yawa, harshena ya ƙi. Na ce, "Yau kwana tara."

Ba ta yi kuka mai sauti ba. Hawaye ya fito ta ido ɗaya ya gangara cikin kunnenta. Leɓenta na motsi tana salati. Can ta ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda take iyawa, "Kwana tara shina ƙasa, ni ina nan ina fushi da shi bai zo ba. Jiya ma na ce in yaz zo ba ni yi mashi magana. Kun bar ni ina ɗaukar alhakinai."

Na ce ba laifinsa ba ne, ni na kore shi. Na faɗa mata abin da na ce masa a bayan ɗaki. Ta saurara har na gama, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

"Juya ni gabas," ta ce.

Na sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarta, ɗaya a bayanta, na juya ta a hankali. Zanen da ke bayanta a bushe yake, karo na farko cikin wata guda. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta fara yi masa addu'a, ni kuma na tsuguna a bayanta ina cewa amin, ban san ko ina da bakin faɗa ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa saurin fushinsa, Ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya nema wa yayarsa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in da saura ya sa ni.